Ashe Dutsen Bayan Gonarmu Ba Baƙi Ba Ne!

Wallahi shekara talatin ina bi ta gindin dutsen nan, amma ban taɓa ganinsa ba sai bara. Yana nan bayan gonar mahaifina a Tsiga, inda muke fakewa in hadari ya taso, inda mata ke shanya barkono da kuɓewa a kan falalensa. Da ka tambaye ni launinsa a da, sai in ce maka baƙi ne, in wuce. Ashe idona ne a rufe!

Zariya ce ta buɗe mini shi. Na raka ƙanena Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru, muka faɗa sashen koyar da zane, ɗalibai masu shirin fita sun baje ayyukansu. Ina shiga na yi turus. Ga Dutsen Kufena a jikin bango, kuma mai zanen bai ɗiga masa baƙin fenti ko kaɗan ba! Ruwan toka ne da shuɗi-shuɗi, gefen faɗuwar rana kuwa ja kamar garwashi. Na yi ta kallo har ƙanena ya ja ni da hannun riga. A nan na ji cewa tun 1958, kafin a kafa jami'ar a 1962, wasu ɗalibai irin su Uche Okeke, Demas Nwoko, Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya, da aƙidar a koyi dabarun Turawa amma a zana abin gida. Abin gida! Maganar ta biyo ni har cikin mota. Tun daga Giwa har Funtuwa ina leƙen kowane dutse ta taga kamar baƙo.

Kashegari ana idar da sallar asuba na nufi gona. Kaka ce, auduga ta fashe fari fat, hazo ya fara sauka. Na zauna a kan kunya na zuba wa dutsen ido. Jama'a! Kafin hantsi sau uku ya sake riga. Da farko shuɗi ne mai duhu kamar rinin karofi, rana na leƙowa goshinsa ya koma ruwan zuma, can kuma ya yi fari-fari. Baƙin da na sani ashe sawun ruwan damina ne kawai, layi-layi daga ƙoli zuwa gindi. Ga gamji ya tsiro a tsaga, saiwoyinsa sun rungume dutsen kamar yatsu. Ga rema ta fito shan hantsi. Duk suna nan tun ina goye!

Nan take na ƙudura sai na zana shi. Ba ni da kuɗin fentin kanti, sai na waiwayi abin da ke gida: jar ƙasa, farar ƙasa, gawayi da bular wanki. Na daka, na tankaɗe, na kwaɓa da ƙaron da ya kwana a ruwa don launin ya kama kwali. Burushi kuwa, bakin asuwaki na tattauna har ya yi laushi. Sai a gwaji na bakwai na gano sirrin da ya hana ni barci: duwatsun nesa dole a sassauta musu launi, domin ƙurar da ke tsakaninka da su tana dusashe su. Ina ƙara farar ƙasa a bular nan, sai kwalin ya buɗe, nesa ta koma nesa. Har kabbara na yi ni kaɗai a gona!

Abu ɗaya ya rage yana ci mini rai, wato hukuncin zane a addini, na kai wa malamin zaurenmu. Ya kwantar mini da hankali, ya ce Abdullahi ɗan Abbas, Allah ya yarda da shi, ya taɓa shawartar wani mai sana'ar zane da ya riƙa zana bishiyoyi da abubuwan da ba su da rai. Ya ƙara da cewa kallon yadda aka kafe duwatsu ai tunani ne cikin ikon Allah.

Ran kasuwa na ɗaura igiya tsakanin bishiyoyin darbejiya biyu, na rataye zane tara, gabana na dukan uku-uku. Yara suka fara taruwa, sai 'yan acaɓa, sai masu awon hatsi suka bar buhunansu. Can wani dattijo ya kutso da sandarsa, ya kai fuskarsa dab da kwali, ya daɗe shiru.

“Yaro, wannan ba dutsen yamma da rafi ba ne?”

“Shi ne, Baba.”

Ya ɗora yatsa a kan wata 'yar inuwa da na ɗiga da gawayi. “Ga kogon da muke ɓuya in mun fito kiwo.” Ya ce rabonsa da wurin tun da ɓarayin daji suka addabi yankinmu, har ta kai in an ambaci dutse sai gaban mutum ya faɗi. Na ciro zanen na miƙa masa kyauta, ya ƙi, sai da ya sa aka auno mini tiya biyu ta wake. Ya naɗe shi cikin babbar rigarsa kamar jariri ya tafi.

Yanzu ina haɗa wasu goma da zan kai Funtuwa da Malumfashi. Ga damina na tafe, na ƙagu in ga rigar da dutsen nan zai sa ranar da ruwan farko ya wanke shi. Ƙarona na jiƙe, in Allah ya kai mu, ina gindinsa.