Ƙarfen Sassara Bota da Dalilin Yinsa

 

Daga cikin kayan kicin da nake da su akwai wani ɗan ƙarfe wanda baƙi suka fi tambayata a kansa. Mariƙi ne na katako, a ƙarƙashinsa an lanƙwasa siraran ƙarafa guda biyar kamar jinjirin wata. Turawa na kiransa pastry cutter, ni kuwa ina ce masa ƙarfen sassara bota, domin aikinsa ke nan: a zuba fulawa a kwano, a jefa bota mai sanyi a ciki, a riƙa danna shi ana ɗagawa har botar ta koma ƙanana kamar ƙwayar wake, kowace ta lulluɓe da gari. Da shi nake haɗa kwaɓin mit-fai, musamman a watan azumi, lokacin da yaran gidanmu ba sa ganin buɗa-baki ya cika sai da shi.

Ɗalibaina 'yan mata na ajin manya sukan kawo mini girke-girken da suka samo a intanet, kuma na lura cewa yadda suke haddace darasin fiƙihu haka suke haddace girkin: an ce a yi kaza, sai a yi kaza. A ilimin usulu akwai abin da ake kira illar hukunci, wato dalilin da aka rataya hukuncin a kansa (ba illa ta Hausa mai nufin aibi ba), kuma wanda ya san ta shi ne ke iya gane abin da zai yi idan ya tarar da mas'alar da ba a rubuta a littafinsa ba. Girkin da aka rubuta a Ingila ko Amurka an rubuta shi ne don kicin ɗinsu da sanyinsu da abin da suke ci. Wadda ta kwafe shi a Kano ba tare da sanin dalilansa ba, ko dai ta yi asarar fulawa, ko kuma ta faɗa cikin abin da ya fi asarar fulawa muni.

To mene ne illar wannan ƙarfe? Nisanta hannu daga bota. Bota tana narkewa tsakanin digiri 32 zuwa 35, jikin ɗan Adam kuwa yana kan 37, don haka da zarar yatsu sun daɗe a cikin kwano sai ta fara zama mai. Abin da ake nema shi ne ta shiga wuta tana gutsi-gutsi, domin kusan kashi 16 cikin ɗari na bota ruwa ne. Idan zafin gashi ya kai kamar digiri 200, sai kowane gutsure ya narke ya bar gurbi, ruwansa ya zama tururi ya ɗaga kwaɓin da ke samansa. Daga nan ake samun ɓawon nan mai hawa-hawa da ke ɓarɓashewa a baki. Akwai kuma fa'ida ta biyu. A cikin garin alkama akwai sinadaran da idan suka sha ruwa aka murza su sai su sarƙe su zama wani abu mai danƙo da ake kira gulutin. Shi ne ke sa burodi ya tashi ya yi jan roba, shi ya sa ake wahalar da kwaɓin burodi da murza. A mit-fai kuwa ba a son sa, domin shi ke mai da ɓawo kamar ƙirgi. Ƙarfen yana yanka ne kawai, ba ya murza.

Mai karatu zai gane bambancin idan ya tuna gireba. A can mai ne ruwa-ruwa ake zubawa, ya jiƙa kowace ƙwayar gari, sai ta fito tana rugujewa kamar yashi, babu hawa ko ɗaya. Soyayyen man shanunmu ma haka yake yi, tunda suya ta kore ruwansa. Yana da ƙamshin da bota ba ta da shi, amma gireba zai ba ki, ba ɓawon mit-fai ba.

A ganina mu muka fi masu ƙarfen bukatarsa. Matar da ke Landan tana iya murtsuke bota da kan yatsunta ta kuma tsira, saboda ɗakinta da sanyi. Mu kuwa azumin 2022 gaba ɗayansa kusan a Afrilu ya faɗo, lokacin da zafin rana ke kai wa digiri 40, ga wutar lantarki ba ta zama balle firji ya yi aikinsa. A irin wannan yanayi nakan haɗa kwaɓin ne bayan sallar Asuba, da ruwan randa, in rufe shi ya huta rabin awa. Awon da nake bi mai sauƙi ne: giram 200 na fulawa, giram 100 na bota, ɗan gishiri, da ruwa cokali biyu zuwa uku, ana ɗigawa kaɗan-kaɗan har ya kama jikinsa. A hunturu duk wannan kaffa-kaffa ba ta taso ba.

Wadda ba ta da ƙarfen kada ta ɗora wa mijinta ko mahaifinta sayensa. Wuƙaƙe biyu da ake gittawa kamar almakashi suna yin aikin, cokali mai yatsu ma yana yi, kuma idan botar ta daskare sosai ana iya goga ta a abin goga kuɓewa kai tsaye cikin gari.

Inda maganar ta fi nauyi shi ne abin da ake sassarawa. Tsofaffin girke-girken Turawa da yawa suna cewa a yi amfani da lard, kuma wata ɗalibata ta taɓa tambayata a wane shago ake samunsa, tana zaton sunan wata bota ce mai tsada. Kitsen alade ne. Suna fifita shi saboda yana ba da ɓawo mai hawa sosai. Haramcin naman alade yana cikin Suratul Baƙara aya ta 173 da Suratul Ma'ida aya ta 3, kuma Imam Ƙurɗubi a tafsirinsa ya hakaito ijma'in al'umma kan cewa kitsensa ma haramun ne. Ba mu kaɗai muka taɓa tsayawa a wannan gaɓa ba. A 1911 kamfanin Procter & Gamble na Amurka ya fito da Crisco, daskararren mai daga man angurya, kuma ya tallata shi sosai ga Yahudawa, waɗanda su ma ba sa cin alade, har ya buga musu littafin girki da harshen Yidish a 1933.

Haka kuma tun 2007, bayan da mujallar Cook's Illustrated ta wallafa shi, wani girki ya bazu wanda ke cewa a maye rabin ruwan kwaɓi da giyar vodka. Dalilinsu shi ne gulutin ba ya haɗuwa a cikin barasa, sai kwaɓin ya jiƙu ya yi sauƙin murzawa ba tare da ya yi tauri ba. Za ka ji ana cewa ai wuta za ta kore ta. Ni ban ga ta inda wannan ya warware matsalar ba, domin kafin a kai ga wuta sai an saye ta an ajiye ta a gida. Tunda an san abin da suke gudu shi ne gulutin, ƙarancin ruwa da ƙarancin taɓawa da barin kwaɓi ya huta sun wadatar.

Madadin kitsen alade kuwa yana tsakar gidanmu duk ranar Babbar Sallah. Kitsen saniya ko na ragon layya, idan aka narkar da shi a wuta kaɗan, aka tace, aka bar shi ya daskare, ya fi bota jure zafi, don haka yana tsayawa a ƙarƙashin ƙarfen ko da rana ta ɗaga. Turawan Ingila da kansu sun daɗe suna amfani da kitsen saniya a irin wannan girki. Aibinsa biyu ne: ƙarni, musamman na rago, da kuma yadda yake kama baki idan abincin ya huce. Saboda haka nakan raba awon biyu, giram 50 na kitse da giram 50 na bota, in sa shi a mit-fai kaɗai inda albasa da yaji za su danne ƙarnin, kuma in ba mutanen gida da zafinsa. A abin zaƙi ba na kusantar da shi.