Yabon Gwani Ya Zama Dole: Gasar Badujala Ta Amurka

Zuwa ga Edita,

Ina roƙonka ka ba ni ɗan fili a cikin jaridarmu, in biya wani bashin godiya da ke wuyana, in kuma amsa wata tambaya da abokan aikina suka dame ni da ita. Sukan ce, "Malam Akawu, me ya haɗa ka da badujalar mutanen Amurka, har ka ke hana idonka barci dominta, ka zo ofis kana gyangyaɗi a kan takardu? Ba ka da dangi a ciki, ba a kuwa raba kofin da kai." Na kasa ba su amsa a tsaye, gama maganar tana da tsawo. To, ga ta a rubuce.

Da fari, bari in bayyana wa wanda bai sani ba ko mene ne wannan wasa. A Amurka akwai ƙungiyoyin samari da 'yan mata waɗanda kan ba da hutunsu na lokacin zafi dungum ga busa da kiɗa da maci. Asalin abin daga tsofaffin sojan da suka komo daga Yaƙin Duniya na Farko ne. Ƙungiyoyinsu, da majami'u, da 'yan sikawut, su suka riƙa tara yaran unguwa suna koya musu bigila da ganga domin fareti. Sannu a hankali abin ya zama gasa. A 1972 hukumar da a ke kira Drum Corps International ta yi babbar gasarta ta farko a garin Whitewater, cikin jihar Wiskonsin. Tun daga 2009 kuwa aka mai da karon ƙarshe birnin Indiyanafolis, a wani ƙaton filin ƙwallo mai rufi.

Kowace ƙungiya ba ta wuce mutum 165 ba, an kuwa raba su kashi uku. Akwai mabusa, da ƙahonin tagulla manya da ƙanana. Sunan bigila dai ya rage musu, amma tun 2000 aka yarda su busa irin ƙahonin da sauran makaɗa ke busawa. Akwai makaɗa, waɗansu suna tafe da ganguna rataye, waɗansu suna tsaye a bakin fili da kayan kiɗa na katako da na ƙarfe. Sa'an nan akwai masu tuta, waɗanda kan cilla tutoci da bindigogin katako da takuba sama, su cafe su duka a lokaci guda. Wasan kowace ƙungiya kamar minti 11 ne ko 12. Ba mai riƙe takardar waƙa. Kowa ya haddace abin da zai busa, ya kuma haddace inda ƙafarsa za ta sauka a kowane taki, ko gaba za shi, ko baya, ko a guje. Alƙalai suna da maki 100: 40 domin yadda wasan duka ya kama zuciyar mai kallo, 30 domin abin da ido ya gani, 30 domin abin da kunne ya ji. Akwai kuma wata doka da na ke so mai karatu ya riƙe, gama a kanta maganata ta rataya: wanda ya wuce shekara 21 ya gama, sai fa wanda ya cika 22 a cikin lokacin gasar. Kome gwanintarka, in shekarunka sun kai, sai ka ba na baya wuri.

Yanzu ga abin da ya haɗa ni da su. Sa'ad da na ke makarantar mishan, muna da 'yar badujala, yara 24, bigila shida, duk sun lotsa. Wani tsohon soja ke koya mana, muna ce masa Baba Saje. Ni ne shugaban mabusa, ina kuwa ji da kaina ƙwarai. Kowace ranar 1 ga Oktoba mukan shiga macin makarantu, shekara uku a jere muna zuwa na huɗu. A ta ukun sai zuciya ta ɗebe ni. Na ce alƙalai sun yi son kai, na je na ajiye bigila a kan teburin Baba Saje, na ce, "Baba, na gaji da busa wa waɗansu hanya." Ya dube ni ya ce, "Yarona, in ka tafi, wa zai nuna wa ƙannenka yadda a ke kama baki?" Ban amsa ba, na fita. Mutum huɗu suka bi ni. Kafin shekara biyu badujalar ta mutu, aka kulle kayan a sito.

Na yi shekaru ban ko so in ji ƙarar bigila ba, sai ran nan na yi kiciɓis da wasan wata ƙungiya a intanet, watau Bluecoats ta garin Canton a jihar Ohayo, wasan da suka ci kofi da shi a 2016. Da mabusansu suka juyo gaba ɗaya suka saki murya, sai na ji tsigar jikina ta tashi, leɓena yana motsi shi kaɗai. Tun daga ran nan na zama nasu. Da suka sake ci a 2024, da maki 98.750, ba wanda ya kā da su ko sau ɗaya a shekarar, na yi ta yawo a ofis kamar ni na busa.

Wanda ya ga minti 12 ɗin nan kaɗai bai ga kome ba. Tun watan Mayu su ke taruwa a sansani, suna horo daga safe har dare, mako da mako, cikin rana. Daga ƙarshen Yuni, sa'ad da mu ke cikin damina, sai su shiga manyan motoci suna bin gari gari, jiha jiha. Su yi wasa da dare, su kwana a mota, su ƙarasa barci a ƙasa cikin ɗakin motsa jiki na wata makaranta, gari ya waye su koma fili. Abincinsu a cikin wata babbar mota a ke dafawa, masu dafawar kuwa galibi iyaye ne da tsofaffin 'yan ƙungiya, ba a biyansu ko anini. Abin mamaki, yaran ma ba a biyansu. Su ke biya, dala dubbai kowace shekara. Wannan kuwa aibi ne, ba zan ɓoye ba, gama ɗan talaka mai baiwa yakan tsaya a bakin ƙofa saboda rashin kuɗi.

To, sai gasar 2025. Na sayi sabon littafi, na ja masa layi da rula kamar littafin kuɗi, ina rubuta makin kowace ƙungiya dare da dare. Tsakaninmu da Indiyanafolis sa'a biyar ce a lokacin, saboda haka sa'ad da su ke farawa da maraice mu nan dare ya yi. Uwargida ta yi magana a kan kuɗin data har ta gaji ta bar ni. Da aka doshi ƙarshe, littafina ya nuna mini tsakanin ƙungiya biyu za a yi ta, watau Bluecoats tawa da Boston Crusaders. Ban damu ba. Na ce a raina, su wane ne mutanen Boston? A 2016, shekarar da muka fara cin kofi, ai su ne na 12, watau kurar baya a cikin waɗanda suka kai karon ƙarshe.

Karon ƙarshe kwana uku ne. Ran Alhamis kowa ya yi, ran Jumma'a a bar 25, ran Asabar a bar 12. A daren Asabar, 9 ga Agusta 2025, bayan kowa ya gama, ƙungiyoyin 12 suka jeru a fili sahu sahu, mai shela ya fara karanta maki daga ƙasa zuwa sama. A nan gida asuba ta kusa, ina zaune a tsakar gida da waya a hannu, littafi a cinya. Aka zo kan na biyu, aka ce maki 98.250, aka ambaci Bluecoats. Boston ta ci da 98.425. Na ɗebe wannan daga wancan, na sami 0.175, bai ko kai kashi ɗaya cikin biyar na maki guda ba. Jama'a, kun san abin da ya fara fitowa daga bakina? Na ce alƙalai sun yi son kai. Da na ji maganar a kunnena sai na yi shiru, gama na san inda na taɓa faɗinta.

Amma abin da na gani a hoton ya hana ni kashe waya. Cikin 'yan kallo ga dattawa masu furfura sun rungume juna suna kuka. Na ce lalle akwai labari a nan, na kuwa bi shi. An kafa Boston Crusaders a 1940, a wata majami'a ta birnin Boston. Suna cikin ƙungiyoyi 13 da suka kafa hukumar gasar. Amma a 1972, shekarar gasar farko, gobara ta cinye mazauninsu da yawancin kayansu. Bayan shekara goma kuma kuɗi ya ƙare musu ƙaf, har aka ɗauka sun mutu. Daga 1972 har 1998, shekara 27 ke nan, ba su taɓa shiga cikin 12 na daren Asabar ba. Sai a 1999 suka shiga, suka zo na tara. A 2022 suka yi kunnen doki da Bluecoats a matsayi na biyu, a 2024 suka sake zuwa na biyu. Kofin wannan gasa bai zo hannunsu ba sai da ƙungiyar ta cika shekara 85.

Yanzu mai karatu ya tuna da dokar shekaru. Yaro yakan yi shekara uku, ko huɗu, ko biyar a ƙungiya, ya fita. Ashe a cikin shekara 27 ɗin nan sahu nawa suka shigo, suka sha rana, suka kwana a ƙasa, suka biya kuɗinsu, suka tsufa ga wasan, ba su ko leƙa daren Asabar ba? Da yawansu sun san tun ranar da suka shiga ba za su ci ba. Duk da haka suka komo shekara ta zagayo, suka nuna wa na baya yadda a ke kama baki. Da sun yi irin tawa, da yaran 2025 ba su tarar da ƙungiyar da za su ci kofi a cikinta ba. Kada kuwa a ce kofi ne ke raya ƙungiya. Ga Cadets, wadda aka kafa a 1934, ta ci kofin nan sau goma, amma matsalar kuɗi da ta shari'a suka rufe ta a 2024. Mai kofi goma ta tafi, wadda ta yi shekara 27 a bayan ƙofa tana nan.

Saboda haka ga godiyata. Ina gode wa yaran Boston, sun yi gwaninta, na kuwa janye maganata a kan alƙalai. Ina gode wa Bluecoats, ina nan nasu har gobe, gama wanda ya bar masoyinsa saboda 0.175 da ma ba masoyi ba ne. Ina gode wa Blue Devils ta Kalifoniya, mai kofi 21 tun daga 1976 zuwa 2023, gama gudun kada ta wuce su ne ya sa sauran suka ƙara himma. Ina gode wa masu dafa abinci, da masu tuƙin dare, da masu ɗinkin riguna, waɗanda mai shela ba ya kiran sunansu. Amma babbar godiyata ga waɗanda aka sallama tun ran Alhamis da ran Jumma'a ce, da waɗanda shekarunsu suka cika ba su taɓa ɗaga kome ba. Akwai al'ada a can, waɗansu daga cikin masu fita sukan tuɓe takalman macinsu su bar su a fili. Duk sa'ad da na ga takalman nan sai in tuna ni bigila na bari, ba don lokacina ya yi ba, sai don fushi.

Da hutun Disamba na shekarar 2025 na tafi gida, na nemi Baba Saje. Ya tsufa, idonsa ya yi rauni, amma ya gane muryata. Na durƙusa na ce, "Baba, na zo neman gafara, na kuma zo da amsar tambayarka." Ya yi dariya ya ce ai ya daɗe da mantawa, ko da ya ke na san bai manta ba. Muka roƙi shugaban makaranta ya buɗe mana sito. Cikin bigila shida, uku suna da sauran rai, muka wanke su da toka da lemun tsami. Yara tara suka ba da sunansu. Nakan je musu ran Asabar sau biyu a wata, Baba yana zaune a inuwa yana gyara mu da kunne. Ranar farko leɓena ya fashe, yaran suka yi ta dariya. Na gaya musu tun da wuri, mai yiwuwa ne mu zo na huɗu, mai yiwuwa ne mu zo na ƙarshe, amma wanda ya shiga sai ya koya wa wani kafin ya fita.

Malamai 'yan'uwana, ku da ke da irin wannan sito a makarantunku, ina roƙonku ku nemi mabuɗin ku duba. Abokan aikina kuma, ga amsarku ke nan. In Yuli ya zo kuka sake ganina da jan ido, ku yi mini haƙuri, takardunku ba za su kwana ba.

Haza wasalam. Ni ne naka,

Wani Akawu, tsohon mabushin bigila.