Makaɗan da suka bi ƙafar Hooker

John Lee Hooker ba ya ƙirga kiɗa. Mawaƙan bulus na Amurka sun saba da tsari mai gaɓa 12, a je a dawo, kowa ya san inda za a juya. Shi kuwa mutumin Misisipi yakan juya ne lokacin da maganar bakinsa ta ƙare, ko a gaɓa ta 11 ko ta 14, yana buga ƙafa a ƙasa. Makaɗa da yawa sun sha wuya a bayansa. Da ya je Ingila a 1964, wasu samarin Landan ne suka raka shi yawon wasa, kuma suka iya da shi. Sunansu The Groundhogs. Sunan ma daga wata waƙar Hooker ɗin suka ɗauko shi, groundhog kuwa wata dabba ce mai haƙa rami, kamar gafiya.

Mu masu rubuta manhaja mun san irin wannan aiki. Takarda ta ce mai amfani zai danna nan sannan can, shi kuwa ya zo ya danna inda ya ga dama, kuma dole abin ya ci gaba da aiki. Wanda ya haddace ƙa'ida kawai, a nan yake faɗuwa. Tony McPhee, mai jitar ƙungiyar, ya bar ƙirga ya koma kallon mutumin da sauraronsa. Duk wanda ya taɓa lura da masu kalangun Shata ya san abin da muke nufi, sai inda bakin maigida ya nufa hannunsu yake bi. Hooker ya ji daɗinsu har ya sake neman su, suka kuma yi faifai tare.

Amma ɗan amshi ba ya yin suna. Sun raka Champion Jack Dupree da wasu baƙin mawaƙa, suka watse, suka sake haɗuwa a 1968. Daga baya suka tsaya su uku: McPhee da jita da waƙa, Peter Cruickshank da jita mai kaurin murya, Ken Pustelnik da ganguna. Faifansu na 1969 suka sa masa suna Blues Obituary, wato ta'aziyyar bulus, har da akwatin gawa a bangonsa. Mutanen da suka fi kowa iya bin dattawan bulus su ne suka fito suka ce kwaikwayon ya isa haka. A ganinmu nan ne ƙungiyar ta zama ƙungiya. Bature ɗan Ingila bai noma auduga a Misisipi ba, in ya ci gaba da kukan wani, ƙarya zai yi ta rerawa. Sai McPhee ya nemi nasa kukan.

Ya same shi a yaƙi da kuma cikin kansa. Faifan 1970, Thank Christ for the Bomb, magana ce a kan soja da bam da talakan da ake turawa ya mutu, ya kuma shiga cikin goman farko a kasuwar Birtaniya. Na 1971, Split, ya kai na 5. Fuskar farko ta faifan waƙa ɗaya ce mai kashi 4, a kan wani firgici da ya taɓa kama McPhee, ya ji kamar hankalinsa ya rabu da jikinsa. Ba abu ne da maza suke faɗa a fili ba a lokacin, ko yanzu ma ba kowa ba. Jitar tana kuka tana karcewa kamar rediyon da ya rasa tasha, kuma idan muka kasa kunne sosai, muna jin ƙafar Hooker a ƙarƙashi, kiɗan yana juyawa inda numfashi ya ƙare. Waƙar da ta rufe faifan ma ta Hooker ce, wadda suka ci sunanta. A shekarar ne Rolling Stones suka ɗauke su su riƙa buɗe musu wasa a zagayen Birtaniya.

To me ya hana su kai inda Led Zeppelin suka kai? Kuɗin wannan kiɗa a Amurka yake. Sun je a 1972, McPhee ya hau doki ya faɗo ya karya hannu, aka katse tafiyar. Pustelnik ya bar su a shekarar. McPhee kuma ba mai lallashin kasuwa ba ne, a 1973 ya fitar da faifai shi kaɗai, rabinsa kiɗan na'ura ne yana la'antar masu farautar dila. Mu dai wannan taurin kan yana burge mu, ko da yake mun san ba ya cika aljihu.

Sunan bai mutu ba, sai dai ya koma hannun makaɗa. The Fall sun sake rera waƙarsu. McPhee ya ci gaba da yawo ƙananan zauruka da sababbin yara. A 2009 ciwon shanyewar jiki ya taɓa masa harshe, abokiyar zamansa Joanna Deacon ta karɓi waƙar, shi ya koma baya da jitarsa yana bin muryar wani, kamar yadda ya fara. Ya rasu a watan Yunin 2023 yana da shekara 79.