Waken da Tsutsa Ke Gudu: Wa Zai Yi wa Manomi Bayani?

Ni ba Bahaushe ba ne, a aji na koyi Hausa, amma wake ya haɗa ni da ƙasar Hausa tun kafin in iya cewa "sannu". Ƙosai da alalen da muke ci a nan Kudu, yawancin wakensu daga Arewa yake zuwa, daga kasuwanni irin su Dawanau ta Kano har zuwa Bodija ta Ibadan. Shi ya sa maganar waken da masana suka sauya wa ƙwayar halitta ta shafe ni kai tsaye, kamar yadda ta shafe ka, ya kai mai karatu.

Babban abokin gabar manomin wake wata tsutsa ce da masana ke kira Maruca. Tana cin fure, ta huda kwanso, kuma a shekarar da ta yi ƙamari tana iya lalata fiye da rabin gona. Da ma dabarar manomi ita ce feshi, sau shida zuwa takwas kafin girbi. Masu bincike a Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ƙarƙashin jagorancin Farfesa Mohammad Ishiyaku, sun yi aiki da wata ƙwayar halitta da aka ciro daga ƙwayar bakteriya mai zama cikin ƙasa. Da aka saka ta cikin wake, sai shukar ta riƙa yin wani sinadari wanda ke kashe tsutsar idan ta ci. A 2019 aka amince da wannan iri mai suna SAMPEA 20-T, kuma a 2021 aka ƙaddamar da shi ga manoma a Kano.

Amfanin a bayyane yake. Feshi ya ragu zuwa kamar sau biyu, kuɗin magani ya ragu, haka nan gubar da manomi ke shaƙa. Sai dai irin ba ya maganin kowane ƙwaro. Ƙwaron da ke cin wake a cikin buhu bai san da shi ba. Mu tuna cewa a 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya saboda yawan maganin ƙwari da aka samu a jikinsa. Wannan matsala ce ta ajiya, kuma sabon iri ba zai warware ta ba.

Akwai kuma darasi daga wasu ƙasashe. Burkina Faso ta fara noman audugar da aka yi wa irin wannan sauyi a 2008, amma ta daina a 2016 domin zarenta ya gajarce, darajarta ta faɗi a kasuwa. A Indiya kuwa, wata tsutsar auduga ta saba da sinadarin har ya daina kashe ta. Ashe idan kiɗa ya canza, ƙwaro ma yana canza rawa.

To, wa ke sa ido? A 2015 aka kafa hukumar NBMA da doka, kuma ita ce ke ba da izini kafin a gwada ko a saki irin waɗannan tsirrai. Bayan wake, an amince da sakin masarar TELA a 2024, abin da ya tayar da muhawara mai zafi har a Majalisar Wakilai. A ganina, dokar na da wani babban giɓi. Ana maganar liƙa tambari domin mai saye ya san abin da ya saya, alhali wake a kasuwanninmu da mudu ake auna shi daga buɗaɗɗen buhu. A ina za a liƙa tambarin?

A nan ne na ga aikinmu, mu ɗaliban harshe. Na lura cewa da yawa ana cewa "ingantaccen iri" ga irin da aka samu ta hanyar barbarar tsirrai, ana kuma faɗar haka ga wanda aka saka wa ƙwayar halitta daga wata halitta daban. Abubuwa biyu ne, amma suna ɗaya. Idan sunan bai bambanta su ba, ta yaya manomi zai zaɓa da saninsa? Wannan ruɗani shi ke buɗe wa jita-jita ƙofa: wani ya ce guba ne, wani ya ce shi ne maganin yunwa gaba ɗaya.

Ni dai ina goyon bayan wannan wake, bisa sharaɗin a ci gaba da bin diddiginsa a gona, a kuma gaya wa mai noma da mai ci gaskiyar amfaninsa da iyakarsa cikin harshensu. Ina kira ga 'yan'uwana ɗalibai mu zauna da malamanmu da malaman gona mu daidaita waɗannan kalmomi, mu kai su gidajen rediyo. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani, kuma bayani mai kyau shi ne rigakafin farko.