Allurar da ba ta hutawa

Mu da muka fara riƙe kwamfutar tafi-da-gidanka wajajen 2008, yawancinmu ta hannu muka saya, batirinta ya riga ya sha jiki. Tawa tana da wata 'yar ƙara da ba a jin ta sai dare ya raba, janaretan maƙwabta ya mutu: ƙas, sai shiru, an jima kaɗan kuma ƙas. Da an kawo wuta na jona caji sai ta lafa, da an ɗauke sai ta dawo.

Faifan ajiya ne ke yin ta. A cikinsa akwai faranti mai juyawa sau 5,400 a minti guda, da allura mai karatu da rubutu kamar ta garmaho, sai dai ita ba ta taɓa farantin, shawagi take yi dab da shi. In faifan ya ga babu aiki sai ya janye allurar ya ajiye ta gefe, don rage cin batir, don kuma kada ta karce farantin idan kwamfutar ta bugu. Wannan janyewar ce ƙarar. Inda gizo ke saƙa shi ne, masu ƙera faifan sun ƙayyade yawan janyewar da suka tsaya masa a kai: galibi sau 600,000, wasu ma 300,000.

A watan Oktoban 2007 maganar ta tayar da ƙura tsakanin masu amfani da tsarin kwamfuta na Linux, har ana yayata cewa Ubuntu, wani nau'insa, na kashe faifai. Lamarin ya fi haka sarƙaƙiya. Faifai da yawa tun daga masana'anta suke zuwa da garajen janye allura, shi kuma tsarin kwamfutar ba ya barinsu su sarara, bini-bini ya leƙo ya rubuta wani abu, allurar ta fito, ta sake komawa. Lissafin babu wuya: sau 4 a minti, awa 8 a rana, kafin shekara ta zagayo an cinye 600,000 ɗin.

Labarin ya iso mana a makare, a kafe, inda ake sayen intanet awa-awa. Nan muka koyi tambayar faifai da manhajar smartctl, mu duba lamba ta 193, wadda ke ƙirga janyewar. Sai abin ya zama gasa a tsakaninmu, kowa na leƙa ta ɗan'uwansa yana jajanta masa. Maganin layi ɗaya ne da manhajar hdparm: ka ba faifan lamba tsakanin 1 da 255. Daga 1 zuwa 127 an yarje wa farantin ya tsaya cak, daga 128 zuwa 254 ba zai tsaya ba, kuma a 254 allurar kusan ba ta komawa gefe.

Shawarar da ta fi yawo ita ce, in kana kan wuta ka sa 254, in kana kan batir ka bar shi a 128. Shawara ce mai kyau ga mutumin da batir yake masa abin tafiya kawai. Mu kuwa batir ne zamanmu, wutar ce baƙuwa. Don haka na sa 254 dare da rana, ƙarar ta ɗauke, ƙasan kwamfutar kuma ya ƙara ɗumi.

Wani dattijon mai gyara da na yi wa burga da wannan ilimi ya taɓa ƙasan kwamfutar da bayan hannu, ya ce: "Samari, ka hana allura hutawa, kuma a kan katifa kake ɗora ta cikin wannan bazarar? Ga shi kana yawo da ita a kunne kana neman soket." Bai san hdparm ba, amma faya-fayan da suka mutu a hannunsa sun fi waɗanda na taɓa gani.

Har yau ina ganin shi ya fi mu kusa da gaskiya. Waccan lambar ta 600,000 iyakar alƙawarin masana'anta ce, ba ranar ajali ba. Na ga faifan da ya zarce ta yana aiki garau, na kuma ga wanda ko rabinta bai kai ba ya tafi da aikin kammala karatun wani, ranar da igiyar caji ta harɗe ƙafa ta jawo kwamfutar ƙasa. Ban koma 128 ba, don na ƙi jinin 'yar tsayawar da fim ke yi kafin allura ta dawo. Na dai sauke kwamfutar daga katifa zuwa tebur, na tokare bayanta da littafi iska ta shiga, kuma ban ƙara ɗaga ta ba sai na rufe ta ta yi barci.