Daren Da Na Zama Baƙon Rediyo

A gidanmu na tashi na tarar rediyo yana da matsayin da wasu mutanen ma ba su da shi. Wani baƙin akwati ne mai cin batir huɗu, wanda mahaifinmu, Allah ya ji ƙansa, ya sa dukawa suka ɗinka wa riga ta fata, kuma yaro bai isa ya taɓa shi ba sai in an aike shi ya ɗauko. Da safe Landan ake kamawa, da azahar Jamus, da dare kuwa sai Kaduna har barci ya kwashi mai shi. Duk tashoshin nan sun girme ni nesa ba kusa ba, domin Sashen Hausa na BBC tun 1957 yake magana, Rediyon Kaduna ya soma a 1962, Jamus ta biyo baya a 1963. Saboda haka ni a yarintata ban taɓa ɗaukar masu magana a cikin akwatin nan a matsayin mutane masu cin tuwo irinmu ba.

A wancan zamani mai sauraro ba shi da baki sai na takarda. In gaisuwa kake so, ka sayi katin Zaɓi Sonka ka jera sunayen 'yan uwa da abokai ka aika Kaduna. In tambaya ce da kai, ka rubuta wasiƙa ka manna kan sarki ka jefa a gidan waya, sannan ka koma ka zauna jiran tsammani. Ina ajin ƙarshe na ƙaramar sakandare na rubuta wa filin Amsoshin Takardunku ina tambayar dalilin da ya sa ruwan teku yake da gishiri, alhali ko kogin kirki ban taɓa gani ba. Sai da aka kusa wata uku, har na manta, rannan muna zaune a zaure sai muka ji an ambaci sunana da na garinmu. Mahaifinmu bai ce komai ba, amma daga ranar ya bar ni ina sauya masa batir da hannuna.

Abubuwa sun sauya a kan idonmu. An yi dokar da ta ba 'yan kasuwa damar buɗe gidajen rediyo a 1992, wayar hannu ta shigo a 2001, Rediyon Freedom ya buɗe a Kano a 2003, daga nan kuma tashoshin FM suka yi ta tsirowa a biranen Arewa kamar ciyawar farkon damina. Mai sauraron da a da yake jiran wata uku, yau da katin naira ɗari sai ya katse wa baƙo magana yana tsakiyar yi. Na ɗauka na fahimci girman wannan sauyi, ashe dai daga bakin ganga nake hangensa, sai da ya zo kaina.

A babban birnin jiharmu akwai wata tasha mai zaman kanta da take da wani fili na daren Asabar, awa ɗaya cur, daga tara zuwa goma. Rabin farko mai gabatarwa yake hira da baƙo, rabin ƙarshe a buɗe layi ga jama'a. Yawancin baƙin 'yan fim ne da mawaƙa, jefi-jefi ɗan ƙwallo, sai kuma in an rasa na gayyata a tuna da marubuta. Na daɗe ina bin filin, har na haddace yadda yake tafiya. In ɗan fim ne ya zo, layi ba ya hutawa, amma da wuya ka ji tambaya ɗaya cikin kira goma. Wannan ya ce shi masoyinsa ne tun yana yaro, wancan ya ce a gaishe masa da abokan sana'arsa na bakin tasha, wata ta kira shi da sunan da ya fito da shi a fim ta yi masa faɗa a kan matar da ya saka a cikin shirin, sai ka ce da gaske aka yi. In mace ce baƙuwar, tambayar ba ta wuce yaushe za ta yi aure. Ni kuwa ina kwance a tabarma ina taɓe baki, ina cewa a raina, ranar da aka kira mai abin faɗa za a ji bambanci.

A 2018 na buga ɗan littafina, wanda ba sai na faɗi sunansa ba, kada a ce talla na zo yi a mujallar ƙungiya. Kwafi ɗari biyar ne, da kuɗin adashin malamai da kuma rancen da na shekara ina biya. Labari ne na wata yarinya da aka kai gidan mai mata, uwargida ta sa ta a gaba da makirci da bin bokaye, har daga ƙarshe gaskiya ta yi halinta. 'Yan uwa marubuta sun san irinsa, domin babu wanda bai taɓa karanta goma ba. An yi ƙaddamarwa a ɗakin taron makarantarmu, mai sharhi ya ce littafin ya zo a kan gaɓa, aka tafa, aka ci cincin aka watse. Bayan wata biyar wani abokina da ya san mai gabatar da filin nan ya yi mini hanya, aka ce in zo.

Sati guda na yi ina shiri kamar mai zuwa jarrabawa. Na cika takarda huɗu da bayani a kan jigo da salo da warwarar jigo, irin wanda nake koya wa 'yan aji uku. Na tanadi tarihin ƙagaggen labari tun daga gasar 1933 da ta haifar da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar, har zuwa In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino a 1991. Na sa aka wanke mini babbar riga aka buga, na hau babur na yi tafiyar kilomita arba'in da wani abu, ban ko tuna cewa rediyo ba ya nuna riga ba.

Ɗakin watsa shirin bai kai rabin ajin da nake koyarwa ba, ga sanyin na'ura kamar tsakiyar hunturu. Mai gabatarwar yaro ne mai fara'a da ladabi, da ƙyar in ya kai talatin. Littafin da na aika masa tun sati biyu yana kan tebur, kuma kallo ɗaya na yi masa na gane ba a taɓa buɗe shi ba, domin wanda ya shekara ashirin yana duba littattafan ɗalibai ya san takardar da hannu ya ratsa. Saura minti biyu a fara ya juya bayan littafin ya karanta ɗan bayanin da ke jiki. Daga nan tambayoyin da ya yi wa mawaƙin makon jiya su ya yi mini, bi da bi. Tarihina a taƙaice. Abin da ya ja hankalina na shiga harkar. Nasarori da ƙalubale. Kiran da zan yi ga gwamnati. Abincin da na fi so. Takarduna huɗu suna aljihu har aka gama ba su ga haske ba.

Ban riƙe yaron a zuci ba. Daga baya na ji cewa shiri biyar yake gabatarwa a mako, shi ne kuma yake yawon neman masu talla, albashin ma sai ya yi wata biyu bai gani ba. Wanda yake cikin wannan hali ba za ka ɗora masa shafi ɗari da sittin ba. Sai dai duk da haka abin yana ci mini rai, domin waƙa in mai gabatarwa bai san ta ba, minti biyar ya ishe shi ya saka ta shi da jama'a su ji tare, littafi kuwa ba shi da wannan gata. Da na san haka abin yake, da na roƙa a ba ni minti uku in karanta shafi ɗaya da bakina, kuma wannan ita ce shawarar da nake ba duk wanda aka gayyata.

Da tara da rabi ta yi aka buɗe layi. Shiru. Mai gabatarwa ya maimaita lambar sau uku, ni kuwa gumi yana tsattsafo mini a cikin wannan sanyi. Can sai waya ta yi ƙara. Na farko ya tambaya yaushe za a sake kawo mawaƙin makon jiya. Na biyu ya gai da mutanen majalisarsu su goma sha ɗaya, ɗaya bayan ɗaya. Na uku wani tsohon ɗalibina ne, Allah ya yi masa albarka, ya ce Malam mutumin kirki ne, ko da yake shi bai samu ganin littafin ba tukuna.

Saura kamar minti takwas a tashi wata mata ta kira. Muryar babba ce, a natse, ana jin kukan akuya a bayanta. Ta yi sallama, ta gaishe ni da gajiya, ta ce ita ba ta yi boko ba, amma 'yarta ta aro littafin a wurin wata ƙawarta ta karanta mata shi dare huɗu a jere. Jin haka na gyara zama, na ce yau ga ranata.

Ta ce, "Malam, ni uwargida ce, shekarata ashirin da biyu a ɗakina, an yi mini kishiya sau biyu. Tambaya ɗaya gare ni. Daren da aka kawo amaryar nan taka, ka kai mu ɗakinta, ka nuna mana gadonta da jerenta da turarenta, har kukan da ta yi ka faɗa mana. To ita uwargidan, a wannan dare da sauran shidan da suka biyo baya, me take yi a nata ɗakin? Ka leƙa kuwa?"

Jama'a, na sha tambayoyi a aji, na sha na masu duba malamai daga ma'aikata, amma ban taɓa jin bakina ya bushe irin na wannan lokaci ba. Sai na yi abin da malami yake yi in ɗalibi ya ƙure shi, wato na hau dogon bayani. Na ce ai Hajiya shi adabi madubi ne na al'umma, kuma kowane labari yana da tauraro da kuma mai adawa da tauraro. Ta saurare ni har na kai aya, sannan ta ce, "To Malam, madubin naka ɗaki ɗaya ya haska." Ta fara wata maganar ke nan sai ɗif, da alama katinta ne ya ƙare. Mai gabatarwa ya ce layin Hajiya ya katse, ya saka tallar maganin basir.

A kan hanyar komawa gida, cikin duhu da ƙurar manyan motoci, na yi ta juya abin. A shekarun 1990 an yi ta muhawara a jaridu a kan littattafanmu, tun daga lokacin da Ibrahim Malumfashi ya kira su Adabin Kasuwar Kano, wasu suka ce ba adabi ba ne, wasu suka tashi kare su. Na karanta abin da na samu na wannan muhawara daga baya, na kuma ƙaru da ita ƙwarai. Amma malamai ne da 'yan jarida da marubuta suke yi da junansu, wani sashe ma da Turanci. Matan da suke cikin gidaje, waɗanda su ne suke saye su ara su ba da aro har bango ya yage, ba a ji tasu ba, don ba su da hanyar shiga shafin jarida. Mu kuma a tarurrukanmu na ƙungiya, mu faɗi gaskiya, kunyar juna muke ji. Ka karanta labarinka a ce ma sha Allah, a gyara maka ƙa'idar rubutu biyu, shi ke nan. Wata biyar littafina yana hannun masu digiri, babu wanda ya ga ramin da matar nan ta gani da kunne.

Abin da ban faɗa a rediyo ba, ban kuma taɓa faɗa wa kowa ba sai yau, shi ne ban ƙagi uwargidan nan daga iska ba. Mahaifiyata amarya ce a gidanmu. Tafiyar uwargidan littafina, da yadda take ɗaure fuska in ta fito tsakar gida, da yadda take ƙirga cokalin mai ranar girkinta, duk na Inna ne, matar mahaifinmu ta fari. Bokaye da makircin ne kawai na ƙara. Alhali kuwa shekarar da mahaifiyata ta yi jinya a asibiti, ina aji huɗu na firamare, a ɗakin Inna na kwana wata shida, ita ta yi ta cire mini ƙaya a ƙafa da allura, ita take ɓoye mini ƙanzo kada yayyena su rigaye ni. Duk wannan bai samu ko layi ɗaya ba a cikin shafi ɗari da sittin.

Na isa gida wajen sha ɗaya da rabi na tarar maiɗakina ba ta yi barci ba. Ta kawo mini abinci ta zauna, ta ce shiri ya yi kyau, muryata ta fita sosai. Na ce, tambayar matar nan fa? Ta ɗan yi murmushi ta ce ita ma ta yi wannan tunanin tun littafin yana rubutun hannu, amma ta ga ban tambaye ta ba.

Da aka yi hutun zango na shirya na tafi garinmu. Inna tana nan da ranta a lokacin, ta tsufa ƙwarai, idon ya yi rauni, kuma tun rasuwar mahaifinmu baƙin akwatin nan mai rigar fata yana wurinta, ko da yake ya daina aiki, wani ƙarami ɗan Sin take ji da shi. Na durƙusa na gaishe ta, na ajiye goro da sabulu. Muka taɓa hirar damina da ta 'yan uwa. Ko jikokinta sun karanta mata littafin, ban tambaya ba, ba ni da wannan ƙarfin hali. Sai da na yi mata sallama na kai bakin ƙofa ina neman takalmina ta ce, "Ɗan nan, ran nan na ji ka a akwati."

Na ce, "Ashe kin ji, Inna?"

Ta ce, "Na ji. Matar nan ta iya tambaya." Ta yi shiru har na ɗauka ta gama, sannan ta ce, "Ni dai daren da aka kawo mahaifiyarka gyaɗa na samu na yi ta ɓara. Kafin a kira assalatu na gama kwando biyu. Ka gai da mutanen gidan."