Motar Tsere a Japan da Motar Japan a Hanwa

A bakin kanikawan Zariya kalmar gyara ita kaɗai ce take ɗauke da duk wani aiki da ake yi wa mota, ko canjin baƙin mai ne, ko ɗinke abin da ya karye, ko kuma sauya mata wani sashe na halittarta domin ta yi abin da masana'anta ba ta ƙera ta dominsa ba. A Japan kuwa waɗannan ayyuka uku kowanne da sunansa, domin ana kiran kula da lafiyar mota a kan lokaci seibi, ana kiran gyaran abin da ya lalace shuri, sannan sauya ƙira ko ƙara wa inji ƙarfi shi ne kaizo, kuma hukuma tana duban kowannensu da ido daban. Wannan bambanci na harshe yana nuni ga wani bambanci da ya fi shi girma, wato abin da yake mulkin rayuwar mota a wuraren biyu: a Japan takarda da kalanda ne, a unguwar Hanwa da kewayenta kuwa hanya ce da man fetur da kunnen bakanike. Babu inda wannan ya fi fitowa fili kamar a sha'anin motar tsere ta kan titi, wadda ake nufi da ita ƙaramar mota mai ƙofa biyu, mai kwanciya kusa da ƙasa, wadda aka ƙera domin gudu da iya shan kwana, ba domin ɗaukar iyali ko kaya ba.

Motocin da suka ɗaukaka sunan Japan a wannan fage sun fito ne kusan a jere. Nissan ta fitar da Skyline GT-R samfurin R32 a 1989 da inji mai lita 2.6 da turbo biyu, wato na'urar da hayaƙin inji yake juyawa domin ta cusa ƙarin iska cikin silinda. Honda ta biyo da NSX a 1990, Mazda da RX-7 zubi na uku a 1991, sai Toyota da Supra zubi na huɗu a 1993, mai injin 2JZ na lita uku. A daidai wannan zamani kamfanonin ƙasar sun yi wata yarjejeniya ta fatar baki cewa ba za su sayar a cikin gida da motar da ƙarfinta a takarda ya wuce na doki 280 ba, kuma sun ɗaure gudun motocin a kilomita 180 cikin sa'a, yarjejeniyar ƙarfin dokin ba ta kau ba sai a 2004. Abin da ya biyo baya shi ne injunan da aka ƙera da ƙarfen da zai iya ɗaukar fiye da abin da aka bar su su fitar, don haka mai mota ya san akwai sauran ƙarfi a kulle cikin injinsa, kamfanoni irin su HKS, wanda aka kafa a 1973, suka bunƙasa a kan sana'ar buɗe wannan kulle ta hanyar sauya turbo da salansa da kwamfutar da take auna wa inji mai.

Sai dai mallakar irin wannan mota a Japan abu ne da yake farawa daga ofis. A yawancin garuruwa ba a yi wa mota rajista sai mai ita ya kawo shaidar 'yan sanda cewa yana da wurin ajiye ta, bisa dokar da aka kafa tun 1962. Bayan haka akwai shaken, wato binciken lafiyar mota na dole, wanda ake yi wa sabuwar mota idan ta cika shekara uku, daga nan kuma duk bayan shekara biyu, inda ake auna birki da hayaƙi da saitin fitilu da ƙarar salansa, a kuma biya harajin nauyi da inshorar dole a lokaci guda. Idan motar fetur ta haura shekara 13 harajinta na shekara yakan ƙaru, harajin nauyi ma ya ƙaru, ya sake ƙaruwa a shekara ta 18. Saboda haka tsufan mota a can tsada ne da doka ta ɗora, kuma wannan yana cikin dalilan da suke sa Japan ta riƙa fitar da motoci masu sauran lafiya zuwa ƙasashen waje. Wanda ya riƙe Supra ko Skyline shekara talatin ya yi hakan ne da gangan, yana biyan kuɗin sha'awarsa duk shekara.

Sauya ƙirar mota ma yana da iyakoki da ake aunawa da ma'auni. Mai son kwantar da motarsa ƙasa, domin ta rage tangaɗi a kwana, ba zai sauko da ita ƙasa da santimita 9 daga titi ba, kuma idan sauyin ya taɓa ginshiƙin motar, kamar ɗora mata wani inji daban, sai an kai ta an sake bincike an rubuta a takardarta. An sassauta ƙa'idar wasu kayan ƙari a 1995, amma daga 2003 sauyin da ya saɓa doka ya zama laifin da zai iya jawo ɗaurin wata shida ko tarar yen 300,000, kuma hukuncin yana hawa kan garejin da ya yi aikin. Duk da haka sana'ar tana da babban bikinta, Tokyo Auto Salon, wanda ya faro a 1983 kuma ake yi duk watan Janairu a Chiba, haka nan wasan zamiya da mota a kwana, wanda matasa suka fara da dare a kan hanyoyin duwatsu, kuma Keiichi Tsuchiya ya shahara da shi da motarsa Toyota AE86, an janye shi zuwa filayen tsere irin na Ebisu a Fukushima, har ya zama gasa mai alƙalai.

Hanyar da motar Japan take bi ta iso Zariya ba ta cika farawa daga Japan ba. Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama ranar 2 ga Afrilu 1972, Japan kuwa har yanzu a hannun hagu take tuƙi, don haka motocinta na cikin gida sitiyarinsu yana dama, irin wanda ƙa'idojin hanya na Nijeriya suka hana. Skyline GT-R daga R32 zuwa R34 ba a taɓa ƙera ta da sitiyari a hagu ba, wanda hakan kaɗai ya isa ya nisanta ta da kasuwar ƙasar nan. Akwai masu juya sitiyari, aikin da ya ƙunshi ɗauke sandar juya taya da fedar birki da wayoyi zuwa ɗaya gefen, amma aiki ne da in an yi masa ha'inci ba a gane wa sai ranar da aka taka birki da gaske. Yawancin Honda da Toyota da ake gani a titin da ya tashi daga PZ ya bi ta Hanwa zuwa Kwangila da Samaru daga Amurka da Kanada da Turai suka zo, da yawa ma a can aka ƙera su, tun da Honda ta fara haɗa Accord a jihar Ohio a 1982, Toyota kuma Camry a Kentucky a 1988. Ana kiran su tokumbo, ko 'yan Kwatano saboda tashar jirgin ruwan da aka daɗe ana shigo da su ta nan kafin a hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa a farkon 2017, kuma kasuwa ta raɗa musu sunayen da masana'anta ba ta sani ba, kamar Halla da End of Discussion ga Accord, Big Daddy da Muscle ga Camry.

Gyaran farko da irin wannan mota take gamuwa da shi a garejin Hanwa shi ne kishiyar abin da mai Supra yake nema a Yokohama, wato ɗagawa. Garejin kansa sau da yawa fili ne a gindin bishiya ko ƙarƙashin rumfar kwano, ƙasarsa ta yi baƙi da tsohon mai, akwai akwatin ƙarfe na kayan aiki da yara masu koyo suna miƙa sifana. Bakanike yakan ɗaga motar da jak, ya kwance shokozoba, ya sa wani zobe na roba mai kauri ko na ƙarfe a samansa, ya mayar ya ɗaure, motar ta tashi da yatsu biyu ko uku, wani lokacin a haɗa da taya mai kaurin gefe. Dalilin a bayyane yake ga duk wanda ya bar kwalta ya shiga lungu da damina, inda ruwa ya zaizaye jar ƙasa ya bar kwari da tudu, ko ya haɗu da tuddan rage gudu da mutanen unguwa suka gina da kansu ba tare da awo ba. Tukunyar baƙin mai tana can ƙasan inji, kuma dutse ɗaya ya isa ya fasa ta. Ɗagawar tana da farashinta, domin tana canza kusurwar da sandunan juya taya suke aiki a kai, su riƙa cinyewa da wuri, motar kuma ta ƙara tangaɗi a kwana, amma wannan ciniki ne da mai hankali zai iya amincewa da shi, tun da santimita 9 na Japan ba zai kai mota ƙofar gida ba a unguwanni da dama.

Ba duk gyaran da ya zama al'ada ne yake da irin wannan hujja ba. Akwai cire tamostat, wato ɗan bawul ɗin da yake tsare ruwa a cikin inji har sai ya yi ɗumin da ya dace kafin ya sake shi zuwa lagireto, tare da haɗa fanka kai tsaye ta riƙa juyawa da zarar an kunna mota, bisa fahimtar cewa an yi waɗannan abubuwa ne domin ƙasashen sanyi. Zafin watan Maris da Afrilu gaskiya ne, kuma a zamanin kafireto illar cirewar ba ta da yawa, amma injin da kwamfuta take auna wa mai idan bai kai ɗuminsa ba sai kwamfutar ta ɗauka har yanzu safiya ce, ta ci gaba da zuba masa mai fiye da kima, musamman da asubahin hunturu. Yawanci abin da ya jawo zafin tun farko lagireto ne da ya toshe da tsatsa saboda ruwan rijiya da ake zuba masa, kuma yana nan ba a taɓa shi ba. Haka nan matatar hayaƙin da take cikin salansa, wadda ake kira indomi saboda kamar saƙar cikinta, akan fasa a cire ta idan ta toshe, wani lokacin ma mai motar bai sani ba, domin tana ɗauke da ƙarafa masu tsada da ake saye. A Japan motar da aka yi wa haka ba za ta tsallake shaken ba, a nan kuwa takardar shaidar lafiyar mota ana sabunta ta tare da sauran takardu, kuma ba kasafai ake auna hayaƙi ba.

Inda tazarar ta fi faɗi shi ne wajen ajiye tarihin mota. Bakaniken Japan yana da lasisin gwamnati mai daraja uku, kuma duk aikin da ya yi yana shiga littafin da yake bin motar daga hannu zuwa hannu. Idan ta je gwanjo mai dubawa yakan ba ta maki, ya zana taswirar jikinta ya sa alama a kan kowane ƙarce da lotsawa, ya rubuta harafin R idan ta taɓa yin haɗarin da ya kai ga gyaran ginshiƙi. Bakaniken Zariya ya koyi aiki ne shekaru a hannun maigidansa, yana iya ɗora dogon sukundireba a jikin inji ya kanga kunne a ƙotarsa ya faɗi inda ƙara take fitowa, yana kuma iya tayar da giyar da a Japan za a jefar, da kayan da aka ciro daga wata mota a Sabon Gari ko Panteka ta Kaduna ko Ƙofar Ruwa ta Kano. Ƙwarewarsa ba abin rainawa ba ce, sai dai duk abin da ya sani game da motar yana cikin kansa, kuma ranar da aka sayar da ita sai mai saye ya dogara da rantsuwar dillali da abin da nasa bakaniken ya iya gani. Injin turbo da aka ƙara wa ƙarfi ba ya jure wannan rashin tabbas, domin yana buƙatar a san irin man da aka zuba masa da ranar da aka zuba, yana kuma buƙatar fetur mai jure matsi, wanda ake sayarwa a famfo na daban a Japan, alhali gidajen man Nijeriya iri ɗaya suke sayarwa, kuma gurɓataccen fetur ɗin da ya shigo ƙasar a Fabrairun 2022 ya nuna cewa shi ɗin ma ba kullum yake zuwa yadda ake zato ba.

Akwai kuma batun abin da ake ɗaukar mota a kai. A Zariya motar mutum ta dangi ce da maƙwabta, ita ce ta kai mara lafiya asibitin Shika, ita ce ta ɗaukar 'yan rakiyar amarya, don haka mota mai kujera biyu takan zama abin tambaya ko da mai ita yana da hali. Sha'awar gudu da ado ba ta rasa mazauni ba, kuma wanda ya ga kuɗin da ake kashewa a kayan doki domin hawan Sallah a Zazzau ya san haka. Ga matasa masu mota kuwa takan tsaya a wili mai ƙyalli da baƙin gilashi da salansa mai ƙara. Masu wasan juyi da mota a wajen biki sun fi neman tsofaffin BMW da Marsandi, saboda tayoyin baya ne suke tura su, Accord da Civic kuwa na gaba ne suke ja, kuma ba sa zamiya yadda ake so.

Kasuwar duniya ta ƙara nisanta waɗannan motoci, domin dokar Amurka tana barin a shigo da motar da ba a ƙera domin ƙasar ba idan ta cika shekara 25, saboda haka R34 ta farkon 1999 ta samu shiga a 2024, farashinta kuma ya riga ya tashi tun kafin lokacin. Abin lura shi ne ɗan'uwan injin Supra, wato 2JZ marar turbo, yana cikin tsofaffin Lexus GS300 da IS300 da suka shigo Nijeriya a matsayin tokumbo, kuma a ƙasashen da ake wasan zamiya ana neman irin waɗannan motoci domin a ɗora musu turbo. A kasuwar Zariya ana kiran irin wannan inji fulogi shida, kuma tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu 2023 wannan suna ya zama abin da yake karya wa mota daraja, har mai saye yakan fara tambayar lita nawa take sha daga Kwangila zuwa Kaduna, wasu masu irin waɗannan motoci kuma suna tambayar bakanike ko but ɗin zai ɗauki tukunyar gas.